Ƙarfe na Huɗu a Gindin Falwaya

Hasselt, 6 ga Oktoba, 1968

Goggo Zulma,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, ina gaida maigidanki Kawu Achiel da ɗanki Yaya Firmin. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya yi miki sauƙi, don an ce ruwa ya yi yawa a wajenku bana. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da yara suka rarraba mana a aji.

Kada ki yi ta juya ambulan kina neman mai rubutu. Godelieve ce, 'yar Irma, jikar Leonie yayar babanki. Rabona da gonarku tun ina shekara tara, ranar da dinyarki ta biyo ni har ɗakin girki, ke kuma dariya ta hana ki ceto na. Tun rasuwar Mama ba wanda ya rubuto miki daga gidanmu, laifin kuwa nawa ne.

Yanzu ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata ta sistoci. Ajina yara ashirin da biyu ne, 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu. A wata mai zuwa Babban Yaƙin Duniya na farko zai cika shekara hamsin da ƙarewa, kuma shugabarmu ta yarda in kawo su Ieper su ga bikin tunawa da idonsu. Goggo, murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Sun haddace ranaku da sunayen garuruwa tsaf, amma idan na ce musu mutum dubu ɗari sun mutu a kan tudu guda, sai su dube ni kamar na faɗi nauyin buhun dankali. So nake su taɓa wani abu da hannunsu kafin mu taso.

Na tuna kantar Kawu ta cikin rumfar kayan aiki, wadda ya jera abubuwan da ya tono. Ko zai ara mana kaɗan mu yi baje koli a aji? Ko maɓalli ne, ko cokali. Zan kula da su kamar idona.

Taki,
Godelieve

Zonnebeke, 15 ga Oktoba

'Yata Lieve,

Takardarki ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan, mun saba da juna. Firmin yana gaishe ki, ya ce ya tuna ki, ke ce mai kukan dinya. Kawunki jikinsa garau, yana cin abinci kamar saurayi. Mantuwa ce dai irin ta tsufa. Na karanta masa takardarki sau biyu, ya ce, “Irma za ta zo?” Na ce ba Irma ba, 'yarta. Ya ce, “To ki gaya wa Irma ta zo da takalmin ruwa.”

Muna cikin haƙar dankali, laka har ƙauri. Makon jiya garmar Firmin ta tono ƙarafa huɗu a gonar bayan coci, harsasan igwa manya uku da ƙarami ɗaya. An jera su a gindin falwaya kamar yadda aka saba, na aika wa ɗan sanda ya rubuta. Sojoji za su zo ɗauka ranar da suka ga dama. Bana dai sai mun yi haƙuri, duk sun tafi share hanya saboda manyan baƙi.

Garin ya fara cika. Tsofaffin Ingilishi da lambobi a ƙirji suna yawo a gefen gonaki, suna tsayawa su yi ta kallon kabeji. Ɗaya ya tambayi Firmin ina dajin da ke nan da. Firmin ya ce masa, “Baba, ai ku kuka cinye shi.”

Maganar kaya kuwa, kin faranta wa tsohon nan rai. Kwana biyu yana rumfa yana goge-goge, har abinci sai na kai masa. Kin san da wannan sana'ar muka gina gidan nan bayan yaƙi: ya tono, ya kwance, ya zazzage cikin, ya sayar da jan ƙarfen. Ba wanda ya kai shi hannu a duk yankin. Ya haɗa miki akwati: hular ƙarfe, gorar ruwa, maɓallai, kwanson harsashi na tagulla biyu irin wanda muke sa furanni, da wani ƙaramin harsashi mai kansa. Da zai sa wannan na ce, “Daga ina?” Ya ce, “Daga kanta mana, mace, daga ina kuma?” Duk da haka na kara shi a kunne na girgiza, yadda uwata ta koya mini. Shiru, ba motsin komai a ciki.

Firmin ya kai akwatin tasha jiya. Idan kun zo ku biyo ku sha miya.

Goggonki,
Zulma

Hasselt, 24 ga Oktoba

Goggo,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Mura ta tafi. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya ja da ran Kawu.

Akwati ya iso ranar Litinin, muka buɗe shi tare a aji. Da kin ga yaran nan. Akwai wata Rita, 'yar mai gidan burodi, bakinta ba ya hutawa ko a coci. Ta ɗora hular ƙarfen a kanta tana fareti, sai yatsanta ya faɗa cikin hujin da ke gefe. Ta cire ta a hankali ta ajiye, har aka tashi ba ta ƙara magana ba. Abin da na yi wata biyu ina nema ke nan, huji ɗaya ya yi mini shi.

Mun jera komai a kan kantar da ke bayan murhun kwal, kowanne da 'yar takardar bayani. Wanda suka fi so shi ne ƙaramin harsashin. Kawu ya goge jan ƙarfen da ke ƙugunsa har mutum yana ganin fuskarsa. Nauyi gare shi kamar jariri. Na bar kowace ta ɗauka ta ji, na gaya musu hannun da ya kwance shi hannun sojan da ya yi shekara huɗu a bakin kogin IJzer ne, kuma kawuna ne. Na yi alfahari, ba zan ɓoye miki ba.

Aji da sanyi, don shugabarmu ba ta yarda a hura murhu sai bayan Ranar Dukan Tsarkaka, ɗaya ga Nuwamba, ko da kuwa tawada za ta daskare. Muna karatu da safar hannu.

Ki sumbaci Kawu a goshi a madadina.

Lieve

Zonnebeke, 30 ga Oktoba

Lieve,

Muna lafiya. Gwiwa ta ɗan tashi saboda sanyi. Kawunki yana nan.

Dankali ya ƙare, mun gode Allah. Sojoji sun zo shekaranjiya. Sajan ɗin ya ce, “Inna, takarda ta ce huɗu, ni uku na gani. Ko dai kin fara ƙirga da na maƙwabta?” Na ce masa ina ƙirga ƙwai tun kafin a haifi ubansa. Ya ce to masu tsintar ƙarfe ne suka ɗauke, suna yawo da keke a wannan lokacin. Wataƙila hakan ne. Sun sha yi.

Gobe zan je in wanke kabarin iyayena, in gwiwa ta bari.

Akwai abin da nake so ki yi mini, kada kuma ki tambaye ni dalili a takarda. Ƙaramin nan mai kai, bai kamata ya bar gidan nan ba. Kuskure ne aka sa shi a akwati. Kawunki yana ta shiga rumfa yana fita, yana duba kanta, na tambaye shi ya ce ba komai. Ki sauke shi daga inda yake, ki ajiye shi wuri ɗaya, kada yara su ƙara wasa da shi. Na girgiza shi da kaina, na gaya miki, ban ji komai ba. Amma dai ki ajiye. Idan kin zo ma yi magana baki da baki.

Kada ki ambaci wannan ga Firmin in kin rubuto. Shi ke karɓo takardu wani lokaci.

Barci ba ya samuwa sosai kwanakin nan. Tsufa ne.

Zulma

Hasselt, Laraba, 6 ga Nuwamba

Goggona,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. An yi hutun Tsarkaka, takardarki ta kwanta a ofis, sai jiya aka ba ni. Ina fatan kin samu zuwa kabari, kuma barci ya dawo.

Na karanta na ji kunya ta rufe ni. Na gane abin da ba ki so ki rubuta. Ashe abin nan yana da daraja a wurin Kawu, wataƙila na wani abokinsa ne da bai dawo ba, ni kuma na zo da zumuɗina na raba tsoho da abin tunawarsa. Har yana shiga rumfa yana nemansa. Na fahimci kuma dalilin da ba kya so Yaya Firmin ya ji, kada ya yi masa dariya. Bakina ƙulle.

Ki kwantar da hankalinki, ba abin da ya same shi. Sau ɗaya dai ya kuɓuce wa wata ɗaliba, Annemie, ya faɗi a kan katako, amma ko ƙwarzane bai yi ba, katakon ne ya lotsa. Wani abin dariya kuma: tun da aka hura murhu ranar Litinin, sai ga shi yana ƙara. Idan an karkata shi ana jin ruwa yana kai da kawowa a ciki, ɗan kaɗan, kamar man da ya rage a kwalba. Na gaya wa yara ruwan sama ne na shekara hamsin ya sami hanyar shiga. Rita ta ce, “Malama, a buɗe mu ga ko ya zama giya.” Jiya layi suka yi kowace tana karawa a kunne, kafin in karanta takardarki. Yanzu na hana.

Ba zan ba jirgin ƙasa amanarsa ba. Na naɗe shi a cikin rigar sanyina ta ulu, na sa a jakata, da hannuna zan miƙa wa Kawu. Ba zai bar gefena ba ko da minti ɗaya.

Ga tsarinmu. Jibi Juma'a da safe za mu taso a motar haya, mu kwana a masaukin sistoci na Ieper. Asabar mu zaga: da safe maƙabartar Jamusawa ta Langemark, da tsakar rana babbar maƙabartar Ingilishi ta kan tudun Passendale, a can za mu ci guzurinmu. Lahadi bayan coci mu zo gare ki shan miya, mu ashirin da huɗu har da direba, ki ce ban gaya miki ba. Litinin kuma ƙarfe goma sha ɗaya muna Ƙofar Menen, inda ake bikin tunawar a Ieper. Na rubuta ɗan jawabin da zan yi wa yara a can, na gyara shi ya fi sau goma.

Af, maganar ɓarayin ƙarfe. Mutane ba sa tsoron Allah. Idan abin ya tashi da su a kan keke fa?

Sai mun zo.
Lieve

Asabar, ƙarfe goma da rabi
A hannun Firmin

Lieve, ki karanta wannan ke kaɗai, kada fuskarki ta nuna.

Yanzu mai kawo wasiƙa ya ba ni takardarki. Na buga waya masaukin sistoci daga shagon giya, an ce kun fita tun takwas.

Abin da ke jakarki ba a kwance shi ba. Shi ne na huɗun da ya ɓata a gindin falwaya. Ba ruwan sama ba ne a ciki, gubar nan ce mai ƙona fata da ido. Sanyi ke daskarar da ita, shi ya sa ban ji ta ba. Zafi ya narkar da ita.

Kada ki taɓa jakar. Kada ki ɗaga ta, kada ki buɗe. Ki fitar da yaran, su yi nisa, su tsaya ta inda iska ke fitowa. Idan kin ji warin tafarnuwa, ya fara yoyo.

Na gaya wa ɗan sanda, sojoji suna hanya. Na gaya wa Firmin komai. Kawunki ya shige motar Firmin ya ƙi fita, ba lokacin jayayya, ga shi nan tare da shi.

Maryamu ta tsare ku. Laifina ne.

Z.

Hasselt, 13 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi. Yatsuna uku na dama suna cikin bandeji, likita ya ce za su warke, tabo ne zai rage. Yara duka suna gidajen iyayensu. Biyu idonsu ya yi ja kwana biyu, ya washe. Yaya Kawu? An hana ni ganinsa a asibiti, an ce iyali kawai. Na ce ni iyali ce, suka ce wace iri, na tsaya lissafin kakanni har wata nas ta rufe ƙofa. Tun ranar ban ji komai ba. Don Allah ki rubuto.

Yaya Firmin ba mai magana ba ne, na san bai gaya miki yadda aka yi ba. Ya kamata ki sani.

Mun isa tudun Passendale ana yayyafi, sai na ce a ci abinci a cikin mota. Direbanmu Jos ya bar inji yana aiki don ɗumi. Jakata tana ƙarƙashin kujerata ta gaba, jingine da bututun da ke kawo zafi. Tun Juma'a take wurin, in ban da daren da ta kwana a gefen gadona. Da safe na zura hannu na ciro littafina, na ji rigar da ɗan danshi, na ce raɓa ce.

Rita ta ce, “Wace ce uwarta ta cika tafarnuwa a nama? Ta tashi ta amsa laifinta.” Jos ya ce, “Ku dai 'yan Hasselt, ko a kabari sai an ji warinku.” Ana ta dariya. Ni ma na yi.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Yaya Firmin ne, ba hula, laka har gwiwa. Ashe sun je Langemark sun tarar mun tashi. Ya miƙo takardarki ta taga.

Na karanta har inda kika rubuta tafarnuwa. Na ɗaga kai na dubi ƙofa. Ƙofar motar ɗaya ce, a gaba, kusa da ni. Duk yarinyar da za ta fita sai ta wuce ta gefen jakar, tazarar tafin hannu. Idan na ce su gudu, ashirin da biyu za su taso a guje da takalman katako da jakunkuna, wata ta yi tuntuɓe da ita.

Na raɗa wa Jos ya kashe inji ya buɗe ƙofa. Na juya na yi muryar aji. Na ce, “To, aiki ya samu. Kowa ta bar kayanta a inda yake. Bibbiyu za ku fita, a hankali, nan gidan matattu ne ba kasuwa ba. Ku je can bangon ƙarshe, kowace ta nemo mini sunan soja wanda harafin farkonsa irin nata ne. Wadda ta yi gudu ko ta taɓa kujerata, sifili.”

Annemie ta ce, “Malama, ana ruwa fa.”

Na ce, “Su sun yi shekara huɗu a cikinsa.”

Ban tashi ba. Na tokare bakin kujerar da ƙafafuna biyu, na rufe jakar da siket, ina jin ɗuminta a agarana. Ina murmushi ina ƙirga su. Biyu. Huɗu. Wata ta tsaya ɗaura igiyar takalmi daidai gwiwata, na ji kamar in ɗauke ta in jefa waje. Rita ce ta ƙarshe. Ta dube ni ta ce, “Malama, leɓenki ya yi fari.” Na ce hoda ce, wuce.

Ashirin da biyu. Jos ya bi su.

Yaya Firmin ya ce, “Sauko, a bar wa sojoji.” Ya kama hannuna. Yana ƙoƙarin jawo ni sai muka ga Kawu ya riga ya hau matakala. Ya shaƙi iska sau ɗaya. Fuskarsa ta canza, Goggo, kamar an kunna fitila a ɗakin da aka daɗe da rufewa.

Ya ce, “Yana zufa. Wane wawa ne ya kwantar da shi a jikin wuta?”

Firmin ya ce, “Baba, sauko, don Allah.”

Ya ce, “Kai rufe mini baki, ka kama yarinyar nan. Ƙarfen motar da zafi, ba zai jira sojojinka ba. Matsa, Irma.”

Na matsa. Ya durƙusa, ya zura hannu biyu, ya ciro shi da rigar tawa, bai karkata shi ko kaɗan ba. Ya rungume shi a ƙirji ya sauka da baya, taki ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofar maƙabarta akwai tsofaffin Ingilishi uku da matansu. Da ya wuce su, ɗaya ya ɗaga kai kamar an kira sunansa. Ya toshe hanci da hularsa, ya fizgi matarsa suka yi baya. Shekara hamsin, hancinsa bai manta ba.

Kawu ya tsallaka titi, ya bi gefen gona ya yi ta tafiya, ya wuce falwaya ta farko, ya wuce ta biyu. A gindin ta uku ya kwantar da shi a cikin ciyawa mai sanyi. Ya wanke hannu a kwata, ya dawo yana share su a wando. Ya dubi Firmin ya ce, “Me muka zo yi nan? An tatsi shanu?”

Sojoji sun iso bayan minti ashirin. Sun tuɓe masa riga a nan bakin titi suna ta kwara masa ruwa, suka tafi da shi. Sun ƙone jakata, sun riƙe motar. Yatsuna ba su fara bororo ba sai da yamma. Sai na tuna Kawu kuwa a ƙirji ya rungume abin.

Ranar Litinin na kai su Ƙofar Menen duk da haka, iyaye da yawa sun iso sun tsaya tare da mu. Jama'a maƙil, tutoci, jajayen furanni. Jawabina ya ƙone tare da jaka, ban kuma yi kewarsa ba. Da aka busa begila aka yi tsit, ban iya tuna mutum dubu ɗari ba. Layin yara nake gani, kowace tana kara abin nan a kunnenta, ni kuma ina tsaye ina murmushi. Rita ta kama hannuna mai bandeji, ta matse har na ji zafi, ban hana ta ba.

Na san shekarar kowane yaƙi, Goggo, amma kin rubuta mini uku a maimakon huɗu, na karanta na wuce, har da yi wa ɓarayi wa'azi. Wannan nawa ne, na faɗa wa shugabarmu da iyayen yara haka. Sai dai akwai tambayar da ke hana ni barci, zan yi ta sau ɗaya ba zan ƙara ba. Ranar talatin ga Oktoba da kika rubuto mini, kin sani?

Ki gaya mini yana gani.

Lieve

Zonnebeke, 21 ga Nuwamba

'Yata,

Muna gaishe ki. Allah ya warkar da yatsu. Gwiwa ba ta da lokacin ciwo yanzu, kullum ina hanyar asibiti.

Yana gani. Idon dama ya buɗe shekaranjiya, na hagu likita ya ce a jira. Hannuwa da ƙirji sun sha wuya, fatar ta tafi, sai an yi wata biyu ko fiye. Tari ne ya fi ba ni tsoro, amma jiya ya sha miya ya ce ba gishiri, na ce to ya dawo.

Kin yi tambaya, ga amsa. Ban sani ba, amma na ji tsoro, kuma na san inda ake zuwa a tabbatar, ban je ba. Da na ƙirga na kan kanta da na gane. Sau uku ina zuwa ƙofar rumfar ina juyowa. Tun bazara Firmin yake cewa a kai ubansa gidan tsofaffi, tun ranar da ya bar wa shanu ƙofa a buɗe. Na san idan aka ji ya ɗauko ƙarfe daga gindin falwaya ya goge ya aika wa yara, magana ta ƙare. Shekara arba'in da bakwai ban kwana ba ya gefena ba. Sai na ce wa kaina ai na girgiza, ai shiru ne. Na ɗora 'ya'yan mutane ashirin da biyu a kan kunnen tsohuwa. Na faɗa wa Fada, ya ce Allah ya yafe. Ke ban ce ki yafe ba.

Idan an sallame shi ba nan zai dawo ba. Ba Firmin ne ya yanke ba, ni ce. Na je gidan tsofaffin na ga ɗakin da kaina, tagarsa tana kallon lambu, ba gona. Mota tana zuwa can sau biyu a rana. Sojoji sun kwashe duk abin da ke kanta, Firmin ya sa wa rumfar kwaɗo.

Bai san yana asibiti ba. Bai tuna tudun ba, bai tuna akwatin ba. Amma kullum na shiga, kafin ya gaishe ni sai ya ce, “Nawa suka hau?” In ce ashirin da biyu. Ya ce, “Nawa suka sauka?” In ce ashirin da biyu. Sai ya saki jiki ya yi barci. Ban san wa ya gaya masa adadin ba. Wataƙila ya ji ki kina ƙirgawa.

Ki gaya wa yarinyar nan mai baki miyarta tana nan, in iyayenta za su yarda.

Jiya garma ta sake tono biyu a gonar bayan coci. Suna gindin falwaya. Na jawo kujera bakin taga inda nake hango su, a nan nake rubuta miki wannan. Sajan ya ce sai Talata.

Goggonki,
Zulma